UBAN BAFTISMA DA UWAR BAFTISMA: NAUYIN DA KE KAN MAI TSAYA WA ƊAN WANI

A cikin al'adun Kirista akwai wata wadda da yawa daga cikin masu karatunmu sun sha cin karo da ita a wurin aiki, amma ba kowa ya san gindinta ba. Ita ce al'adar nan ta samo wani baligi, namiji ko mace, wanda ba shi ya haifi yaro ba, ya tsaya wa yaron ran da za a yi masa baftisma, watau wankan shiga addinin Kirista. Namijin ana ce da shi uban baftisma, macen kuwa uwar baftisma. Malamin makaranta ya kan ga sunayensu a jikin katin da yaro ya kawo ran ɗaukar sababbin 'yan makaranta, akawu kuma ya kan gamu da su a cikin takardun neman aiki ko na rabon gado. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana inda abin ya samo asali, da nauyin da ke bisa wanda ya karɓi wannan matsayi, da kuma iyakar ikonsa, domin kada a ɗora masa abin da ba nasa ba, kada kuma shi ya yar da abin da ke wuyansa.

Bari mu faɗi kan maganar tun da fari. Uban baftisma mai lamuni ne. Yadda mutum ya kan tsaya gaban alƙali ya yi belin wani, ko ya tsaya wa baƙo a kasuwa har a ba shi kaya bashi, haka shi ma ya ke tsayawa gaban jama'ar majami'a ya ce ya lamunce tarbiyyar wannan yaro. Sai dai shi wannan lamuni ba a fansarsa da kuɗi, ba ya kuma sauka daga kan mai shi sai yaro ya mallaki hankalin kansa.

ASALIN AL'ADAR

A ƙarnukan farko na addinin Kirista yawancin masu shiga manya ne, zamanin kuwa ba na kwanciyar rai ba ne, gama hukumar Rumawa ta kan tasam ma Kirista lokaci lokaci, har sai da aka ba su 'yancin yin addininsu a cikin shekarar 313. Don haka ba a karɓar baƙo haka kawai. Sai wani sananne daga cikin jama'ar ya kai shi gaban shugabanni, ya ba da shaidar halinsa da sana'arsa. In mai sassaƙa gumaka ne, ko boka, ko mai faɗa da takobi a filin wasa don 'yan kallo, sai ya bar wannan sana'a tukuna. Daga nan a sa shi karatu, wanda ya kan kai shekara 3, sa'an nan a sake kiran wanda ya kawo shi a tambaye shi ko mutumin ya gyaru, ko yana mutunta matan da mazansu suka mutu, ko yana zuwa gai da marasa lafiya. Sai mai shaidar ya amsa da i, kana a yi masa baftisma.

Da al'adar yi wa jarirai baftisma ta yaɗu, sai aikin ya sake kama. Jariri ba shi da halin da za a shaida, ba shi kuma da bakin amsa tambaya, dole mai tsaya masa ya ari bakinsa ya amsa. Ta haka shaidar abin da ya wuce ta koma alkawarin abin da ke gaba, alkawari kuwa kaya ne. Tun wajen shekarar 200 wani malamin Kirista mai suna Tertullian, mutumin birnin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya hango haɗarin abin. Ya ba da shawara a jinkirta wa yara baftisma har su yi wayo, domin mai tsayawa yana iya mutuwa bai cika alkawarinsa ba, ko kuwa yaron ya tashi da mugun hali ya ba shi kunya. Ba a bi shawararsa ba, amma tsoron da ya bayyana har yau shi ne tsoron duk mai hankalin da aka roƙa ya tsaya wa ɗan wani.

Agustin, bishop na Hippo, garin da a ke kira Annaba yanzu a ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a cikin 430, ya rubuta cewa a zamaninsa yawanci iyaye ne ke kawo 'ya'yansu da kansu, amma in yaro maraya ne, ko tsintacce, ko ɗan bayi, sai wani mai tausayi ko ubangijin bayin ya kawo shi. Sannu a hankali aka raba aikin biyu, har wani taron bishop-bishop da aka yi a birnin Mainz na ƙasar Jamus a cikin 813 ya hana mahaifi ko mahaifiya su zama iyayen baftisma na ɗan cikinsu. Hikimar abin a fili ta ke: in yaro ya sami mutum na uku mai kula da shi a waje da gidansu, to, an daɗa masa gata.

ZUMUNTAR DA BA TA JINI BA

Mutanen dā ba su ɗauki wannan dangantaka da wasa ba. A cikin 530 Jastiniyan, Sarkin Rumawan Gabas, ya kafa doka cewa namiji ba ya auren yarinyar da ya tsaya wa, gama ta zama kamar 'yarsa. Wani taro da aka yi a birnin Kustantiniya a cikin 692 ya daɗa da cewa ba ya auren uwar yaron ma, ko da mijinta ya mutu. Musulmi ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin shari'ar Musulunci ta haramta aure saboda shayarwa yadda ta haramta shi saboda jini. A can ruwan baftisma ne ya ke ƙulla zumunta, a nan kuwa nono.

Amma fa kome ya yi yawa ya kan ɓaci. A ƙasashen Turai mutane suka shiga tara wa yaro guda iyayen baftisma masu yawa don neman dangi da manya, haramcin aure kuma ya yi ta faɗi yana kama 'ya'yan wannan da na wancan, har a ƙaramin ƙauye saurayi ya kan rasa yarinyar da ta halatta gare shi. Martin Luther, wanda ya fara tsaga daga Rum a cikin 1517, ya ƙi yarda da wannan haramci ɗungum, ko da ya ke ya bar al'adar tsayawa a kan yaro. Su kuwa Katolika, a babban taronsu na garin Trent a cikin 1563, suka rage yawan masu tsayawa zuwa mutum ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, namiji da mace, suka taƙaita haramcin, suka kuma umurci kowane limami ya riƙa rubuta sunayensu a littafi. Littafin dokokin Katolika na 1983 ya ɗauke wannan haramcin aure daga kan mabiya tsarin Rum, amma majami'un Otodoks, irin su na Girka, suna riƙe da shi.

A ƙasar Sifen da Meziko da ƙasashen Amurka ta Kudu zumuntar ta fi ƙarfi tsakanin manyan da kansu. Mahaifin yaro da uban baftisma su kan kira juna compadre, watau abokin haihuwa, kuma daga ranar nan akwai ganin girma da taimakon juna tsakaninsu a gona da kasuwa da ranar rashi. Turawan Ingila na dā suna da irin wannan kalma, godsib, ma'anarta dangi ta wajen Allah. Da ya ke irin waɗannan mata ne kan taru a ɗakin mai jego su yi ta hira, sai kalmar ta lalace a bakin mutane ta koma gossip, wadda yanzu ba ta nufin kome sai tsegumi.

SARAKUNA DA 'YA'YAN BAFTISMARSU

Sarakuna ba su daɗe ba suka gane amfanin wannan igiya ga sha'anin mulki. A cikin 878 Sarki Alfred na Wessex, a kudancin Ingila, ya ci rundunar mutanen Denmak da yaƙi a wani wuri da a ke kira Edington. Maimakon ya kashe shugabansu Guthrum, sai aka shirya a kan zai karɓi addinin Kirista. Ya zo da manyansa 30, aka yi masa baftisma, Alfred da kansa ya tsaya masa, aka raɗa masa suna Athelstan. Ya yi kwana 12 yana baƙunci wurin Sarki, aka sallame shi da kyautai, ya koma gabashin ƙasar ya yi sarauta har ya mutu a cikin 890, har ma ya buga kuɗi da sabon sunansa. Abokin gaba ya koma ɗa.

Ba kullum abin kan yi daɗi haka ba. A cikin 1566 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta yarda ta zama uwar baftisma ta James, ɗan Sarauniya Mary ta Sikotlan, ta kuma aika da babban daro na zinariya don a yi masa wankan a ciki. A cikin 1587 ita ce ta sa hannu a takardar da aka sare kan uwar yaron da ita. Duk da haka da ta rasu a cikin 1603, wannan ɗan baftisma nata shi ya gaje ta a gadon sarautar Ingila, saboda jinin sarauta da ya haɗa su.

Akwai wani labari da ya shafi ƙasarmu. A cikin 1850 Gezo, Sarkin Dahomi, ya miƙa wa wani hafsan jirgin ruwan Ingila mai suna Forbes wata yarinya Bayarabiya da aka kamo a yaƙi, iyayenta sun hallaka. Aka yi mata baftisma aka sa mata suna Sarah Forbes Bonetta, aka kai ta Ingila. Sarauniya Victoria ta ɗauki nauyin karatunta, ta kan kuma kira ta fada ta gan ta. A cikin 1862 ta auri wani attajirin Ikko mai suna James Davies, da suka haifi 'yar fari a cikin 1863 aka sa mata Victoria, Sarauniya kuwa ta zama uwar baftismarta. Sarah ta rasu a tsibirin Madeira a cikin 1880, amma Sarauniya ba ta saki 'yar ba, ta ci gaba da tallafa mata, har ta girma ta auri Likita John Randle na Ikko. Ko me mutum zai ce game da mulkin mallaka na wancan zamani, wannan uwar baftisma dai ta tuna da alkawarinta bayan uwar yarinya ta kau.

WA YA CANCANTA?

Kowace ɗariƙa da nata sharuɗɗa. A wurin Katolika, bisa dokokin 1983, wanda zai tsaya sai ya cika shekara 16, ya zama Bakatolike wanda aka yi wa baftisma da tabbatarwa, watau ɗora hannun da bishop ke yi wa wanda ya yi wayo, yana karɓar Jibin Ubangiji, zamansa kuma ya dace da addinin da zai koya wa yaro. Ba a yarda ya zama mahaifi ko mahaifiyar yaron ba. Kirista na wata ɗariƙa yana iya tsayawa a matsayin mai shaida kurum, tare da Bakatolike.

A wurin Angilikan, littafin addu'arsu na 1662 ya ce ɗa namiji a samo masa maza biyu da mace ɗaya, 'ya mace kuwa mata biyu da namiji ɗaya. Dokar Majami'ar Ingila ta yanzu ta yarda iyaye su shiga cikin lissafin muddin akwai wani na waje, amma lalle kowannensu ya zama an yi masa baftisma. A ƙasar Habasha a kan yi wa ɗa namiji baftisma ran kwana 40, 'ya mace ran kwana 80, namiji ya tsaya wa namiji, mace ta tsaya wa mace.

A nan Arewa al'adar ta shigo tare da majami'un da ke yi wa jarirai baftisma: Angilikan, waɗanda Likita Miller ya kafa wa zama a Zariya a cikin 1905 kafin su koma Wusasa a cikin 1929, da Katolika da suka sauka Shendam a cikin 1907, da mabiya Luther da suka isa Numan a cikin 1913. Amma 'yan Baptis da ire-irensu ba sa yi wa mutum baftisma sai ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa, don haka ba su da bukatar mai amsawa a madadin jariri. Kada malami ya yi mamaki in ya ga wani yaro Kirista yana da uban baftisma, wani kuwa ba shi da shi.

NAUYIN DA KE KANSA

Na fari shi ne na ranar kanta. Limami zai tambayi masu tsayawa ko sun rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko sun gaskata da abin da majami'a ta gaskata, su amsa da bakinsu gaban jama'a. A wurin Otodoks uban baftisma ne ke karɓar jariri da hannunsa sa'ad da aka fito da shi daga ruwa. Wannan duk aikin sa'a guda ne, kuma shi ne mafi sauƙi.

Na biyu karantarwa. Littafin 1662 ya ɗora wa masu tsayawa su tabbata yaro ya koyi shaidar bangaskiya, da Addu'ar Ubangiji, da Dokoki Goma, cikin harshen da ya ke ji, sa'an nan su ga an kai shi gaban bishop ya ɗauki alkawarin da kansa. Ran nan ne a ke sauke musu kayan da suka ɗauka a madadinsa. Ba a ce lalle su zauna da allo su koyar da kansu ba, amma wajibinsu ne su bincika su ga ana yi, in kuwa iyaye sun yi sakaci su yi musu magana.

Na uku hali. Malaman makaranta sun fi kowa sanin cewa yaro da ido ya ke karatu kafin ya yi da kunne. Mutumin da ya yi alkawarin nisantar da yaro daga mugunta, sa'an nan yaron ya tashi yana ganinsa cikin maye, ko yana jin labarin cin hancinsa a ofis, ya rushe da ƙafa abin da ya gina da baki.

Na huɗu ziyara da addu'a. Zumunta a ƙafa ta ke. Wanda aiki ya kai shi nesa yana da takarda da waya. Abin nema shi ne yaro ya san fuskarsa da muryarsa tun yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma ba a fara yi wa saurayi nasiha ran da aka fara ganinsa.

Na biyar, wanda mu ke ganin ya fi sauran amfani, shi ne ya zama wurin kai kuka. Akwai shekarun da yaro ba ya iya buɗe cikinsa ga mahaifinsa, ko don kunya ko don tsoro: ya faɗi jarrabawa, ko ya shiga mugun abokai, ko yarinya ta ga wanda ta ke so. In akwai wani babba da ta amince da shi, wanda iyayenta kuma ke jin maganarsa, sau da yawa a kan kashe wutar tun ba ta kama jinka ba.

Game da kyauta kuwa, al'ada ce, ba sharaɗi ba. Turawan Ingila tun ƙarni na 16 su kan ba ɗan baftisma cokalin azurfa, waɗansu kuma kofi ko Littafi Mai Tsarki. Babu laifi a ciki. Laifin shi ne mutum ya zaci cokali ya biya masa bashin shekara 15 na kulawa.

IYAKAR IKONSA

Ga inda mu ke so akawuna su buɗe kunne. Mutane da yawa, har cikin Kirista, suna tsammani in iyayen yaro suka mutu, kai tsaye uban baftisma ne zai ɗauke shi. Doka ba ta san wannan ba. A Ingila, bisa dokar yara ta 1989, mai riƙon maraya shi ne wanda iyaye suka naɗa a rubuce cikin wasiyya ko wata takarda mai sa hannu, ko wanda kotu ta naɗa. A Faransa akwai ma wani biki da a ke yi a ofishin magajin gari, inda waɗanda ba ruwansu da majami'a ke naɗa wa ɗansu masu tsayawa, amma takardar da a ke bayarwa ba ta da ƙarfin shari'a. A nan ƙasarmu ma baftisma ba ta sa gado, ba ta kuma ba da ikon riƙo. Uban baftisma ba ya gadon yaro, yaro ba ya gadonsa, sai fa in an yi wasiyya.

Saboda haka in katin baftisma ya zo hannun akawu, ya lura da layin iyaye dabam, layin masu tsayawa dabam, kada ya rubuta sunan uban baftisma a gurbin mahaifi ko magaji. Ya kuma tuna ranar baftisma ba ita ce ranar haihuwa ba, wani lokaci tsakaninsu shekaru ne. Tun dokar 1992 rajistar haihuwa a Nijeriya aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne. Iyayen da ke so lalle wanda ya tsaya wa ɗansu shi zai riƙe shi bayan ransu, sai su rubuta wasiyya, su kuma sanad da dangi tun suna da rai, don kada a bar maraya tsakanin masu ja.

INDA ABIN KAN LALACE

Babbar cutar wannan al'ada ita ce kwaɗayi. Uba ya tsallake maƙwabcinsa mai gaskiya wanda ke ganin yaron kullum, ya tafi neman wani mai kuɗi ko mai muƙami wanda ba zai tuna ko sunan yaron ba bayan an watse. Shi kuma babban mutum ya yi ta karɓa don a ce yana da jama'a, har 'ya'yan baftismarsa su fi ƙarfin lissafinsa. Akwai irin wannan tsayawa ta girmamawa da hukuma ta san da ita, kamar a Jamus, inda tun 1949 shugaban ƙasa kan zama uban baftisma na ɗa na bakwai a gida in iyaye sun roƙa, a aika musu da takarda da 'yar kyautar kuɗi. Wannan kowa ya san suna ne kawai, ba wanda ya ruɗu. Abin tsoro shi ne gidan talaka ya mai da tsayawar gaske ta zama ta suna.

A kudancin Italiya abin ya kai ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan ta'adda da a ke kira Mafiya suna amfani da baftisma don ƙulla amana da gidajen da za su yi musu biyayya, har sunan uban baftisma ya zama laƙabin shugaban miyagu, musamman bayan littafin Mario Puzo na 1969 da sinimar da aka yi da shi a cikin 1972. A watan Oktoba na 2021 hukumar Katolika ta birnin Catania, a tsibirin Sisili, ta dakatad da naɗa iyayen baftisma har shekara 3 don gwaji, saboda ta ga yawancin waɗanda a ke kawowa ba su cika sharuɗɗa ba, an mai da abin hanyar neman alfarma. Waɗansu garuruwan tsibirin suka bi sawu. Mu ma a nan mun san yadda a ke kiran mai ɗaure wa ɗan takara gindi da wannan suna a Turancin jaridu, alhali tsakanin uban gidan siyasa da mai lamunin tarbiyyar jariri akwai tafiyar kwana da kwanaki.

MU DUBA GIDA

Bahaushe Musulmi ba shi da baftisma, amma tunanin da ke ƙarƙashin al'adar ba baƙo ba ne gare shi, gama mu ne masu cewa ɗa na kowa ne. Muna da riƙo, inda gwaggo ko kawu ko kaka ke ɗaukar yaro bayan yaye, tun ba ma ɗan fari ba, wanda iyaye ke jin kunyarsa. Muna da takwara, wanda aka sa wa jariri sunansa ran suna, ya kan kuma ji yaron a ransa fiye da sauran. Muna da uwar ɗaki da uban ɗaki. Shari'a ta kwaɗaitar da riƙon maraya ƙwarai, amma ta ce a kira shi da sunan mahaifinsa, ba ya kuma shiga gadon mai riƙonsa sai ta wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Ashe ta nan ma hanyoyin biyu sun yi kusa: kulawa wajibi ce a kan wanda ya ɗauka, amma ba ta sake nasaba.

Wani abu kuma da ya kan jawo ɓacin rai a ofis. Musulmi da Kirista su yi shekaru suna aiki tebur ɗaya, suna cin abinci kwano ɗaya, a yi wa Kiristan haihuwa ya tsallake amininsa ya naɗa wani. Kada Musulmin ya ɗauka raini ne. Dokar majami'a ce ta ce sai wanda aka yi wa baftisma, domin alkawarin na koyar da addinin Kirista ne, ba kuwa daidai ba ne a sa mutum ya yi alkawarin abin da bai gaskata ba. Wannan bai hana shi zuwa barka ba, bai kuma hana shi sa ido a kan yaron ba har ya girma.

To, shawararmu ga iyaye ita ce su zaɓi wanda za su yarda ɗansu ya ɗauko halinsa, wanda kuma ƙafarsa ta saba da ƙofar gidansu, ko da ba shi da ko anini. Wanda aka roƙa kuwa ya nemi kwana biyu ya yi shawara da zuciyarsa, ya lissafa shekarunsa da nisan wurin aikinsa da yawan waɗanda ya riga ya tsaya wa. In ya ga ba zai iya ba, ya faɗa da ladabi tun kafin a rubuta sunansa, gama sunan da ya shiga littafin majami'a ba a kankare shi don an yi faɗa ko an ƙaura. In kuwa ya amsa, to, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya rubuta ranar a inda ba zai manta ba, ya san ajin da yaron ya ke ciki da sunan malaminsa, kuma in shekara ta kewayo ya je ya gan shi da idonsa.